Takardar da ta ce AA

Ni haifaffiyar Jos ce. A Gangare aka yanke mini cibiya, aure kuma ya kai ni Unguwar Rogo. A gidanmu amosanin jini ba baƙon abu ba ne. Akwai ɗan wan babana da muka tashi tare, wanda ba a yin hunturu ba a kwantar da shi ba. Duk wanda ya san sanyin Jos na Disamba da Janairu, lokacin da ruwan randa ke gagarar hannu da asuba, ya san abin da nake faɗa. Cikin dare za ka ji shi yana kiran sunan Allah, yana cewa a danna masa ƙafa, in an danna kuma ya ce a bari. Bai cika shekara ashirin ba ya rasu. Daga rasuwarsa Baba ya kafa doka: duk 'yar da za ta yi aure a gidan nan, sai an kawo masa takardar gwajin jini, tata da ta manemin, kafin a yi zancen sa rana.

Tawa ban sha wahalar nema ba. Tun muna sakandare aka gwada mu, aka ce ni AS ce, wato ina ɗauke da gadon ciwon amma ba ni da shi. Malamar da ta raba mana takardun ta ce kada wadda ta tsorata, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake, lafiyarsa ƙalau, abin lura kawai shi ne wanda za a aura. Na riƙe wannan magana hannu biyu. Akwai wanda ya fara nemana, mutumin kirki, da aka gwada shi ya fito AS, muka haƙura da juna ba don muna so ba. Saboda haka ranar da wanda ya zama maigidana ya aiko ƙaninsa da takarda mai hatimi, an rubuta AA da manyan baƙaƙe, Baba ya sa tabarau ya karanta ya ce alhamdu lillahi, Inna har da guɗa. A 2014 aka ɗaura mana aure.

Allah ya ba mu ɗa namiji. Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba. Ya yi ɓul-ɓul, ya yi tafiya da wuri, ba mu ga wani abin tayar da hankali ba sai zazzaɓin da kowane yaro ke yi. Sai da ya shiga shekara huɗu, wani hunturu, ya fara tashi cikin dare yana riƙe ƙwauri yana kuka. Muka ce sanyi ne, aka shafa man zafi. Ya lafa, ya dawo, wannan karon har da ciwon ciki. A asibiti likita ya ja fatar idonsa ya duba, ya danna gefen cikinsa na hagu ya ce saifarsa ta ɗan kumbura, sannan ya tambaye ni ko an taɓa yi masa gwajin sikila, wato amosanin jini.

"Likita, ai ba zai yiwu ba," na ce da ƙarfin gwiwata. "Ni AS ce, babansa AA."

"To, Malama, mu dai duba. Jini kaɗan za a ɗiba."

Sakamako ya fito SC. Ni S na sani, amma ban taɓa jin C ba a rayuwata. Likita ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki, ba iri biyu ba ne kawai kamar yadda mutane suka ɗauka. Bayan A da S akwai C da wasu da dama. Yaron da ya gaji S daga ɗayan iyayensa, ya gaji C daga ɗayan, shi ma yana da nau'in sikila, sai dai galibi ba ya kai na SS tsanani, wato wanda ya gaji S daga iyayensa biyu, kuma yakan jima bai bayyana ba. Ya ƙara da cewa tunda ni AS ce, to C ɗin daga wajen uba ya zo. Shi darasi yake ba ni, bai san abin da wannan magana za ta haifar a gidana ba.

Da na faɗa wa maigida, bai ce komai ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko jakar da yake ajiye takardun fili da na makaranta, ya zaro waccan takarda ta kafin aure, ya shimfiɗa ta kusa da ta yaron a kan tabarma, ya daɗe yana kallonsu. Washegari magana ta kai gidansu. Da muka je gaishe da Hajiya, mahaifiyarsa, muka tarar da Gwaggo, ƙanwar babansa. Ita ce ta ce, tana kallon bango: "Mu dai a danginmu ba mu san wannan ciwo ba. Takardar yaronmu kuwa ga ta nan da hatiminta. Ai takarda ba ta ƙarya." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma kowa a ɗakin ya gane inda ta dosa. Hajiya ta sunkuyar da kai ba ta tanka ba, wannan shirun ya fi maganar Gwaggo yi mini ciwo.

Ba zan iya misalta kwanakin da suka biyo baya ba. Ga yaro a kwance yana kukan ƙafa, ga ni ana kallona da gefen ido. In na shiga gidan suna sai hira ta tsaya. Tsakanina da Allah, maigida bai taɓa buɗe baki ya zarge ni ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma ya daina cin abinci sosai, ya daina ɗaukar yaron ya ɗora a wuya kamar yadda ya saba in ya dawo daga kasuwa. Ni kuwa na san kaina, na san ban ci amanar aure ba, amma ba ni da abin da zan nuna. Shi yana da takarda, ni ba ni da komai sai rantsuwa.

Baba ne ya raba gardama. Ya aika aka kira masa surukinsa, ya ce: "Malam, takarda mutum ne ya rubuta ta, mutum kuwa ajizi ne. Ku tashi ku uku, ku je babban asibiti, a ɗebi jininku rana ɗaya a wuri ɗaya. Abin da ya fito, shi za mu yi magana a kai."

A ɗakin gwajin muka haɗu da wata dattijuwar ma'aikaciya, Allah ya saka mata da alheri. Da ta ji labarin, abin da ta fara tambayar maigida shi ne yadda aka yi masa gwajin farko. Ya ce wani ƙaramin wurin gwaji ne kusa da shagonsa. An soki yatsarsa, aka zuba jinin cikin 'yar kwalba mai ruwa, aka ɗaga ta gaban wani kati, ko shayinsa bai huce ba aka miƙo masa takarda. Matar nan ta girgiza kai. Ta ce bisa wannan kwatance, gwajin narkewa aka yi masa. Ruwan da ke cikin kwalbar yana fasa ƙwayoyin jini, ya kuma janye iskar da ke jikin himogulobin. In akwai S, ba ya narkewa, sai ruwan ya yi gauri har a kasa ganin baƙaƙen layukan da ke jikin katin. In babu S, ruwan ya tsaya garau. Tambaya ɗaya tak wannan gwaji ke amsawa: akwai S ko babu? Mai AS da mai SS da mai SC duk amsa ɗaya za su samu. Haka kuma mai AA da mai AC da mai CC, duk ruwansu garau zai fito. Ta ce akwai ɗan'uwansa da ake ɗiga jini a kan gilashi, a haɗa da wani sinadari, a rufe shi ruf, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin za su lanƙwashe su yi siffar lauje. Shi ma S kaɗai yake gani.

"Abin da ya kamata a rubuta maka shi ne ba a ga S ba," in ji ta. "Sai wani ya ɗauki biro ya mai da shi AA."

Ranar karɓar sakamako na roƙe ta, na ce Mama, don Allah ki nuna mana da idonmu, na gaji da takarda. Ta yi ɗan jim, sannan ta shiga ta fito da wani siririn farin falle, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, ɗauke da jajayen layuka a jere. Ta ce wannan shi ne gwajin lantarki, wanda su ke kira ilaktoroforesis. Ana fasa ƙwayoyin jini, a ɗiga kaɗan a bakin fallen da aka jiƙa da wani ruwa na musamman, a sakar masa wuta. Kowane irin himogulobin sai ya kama tafiya zuwa ɗaya gefen, kamar yaran da aka jera aka ce su yi tsere: A ne ke yin gaba, F na jarirai na biye, S a baya, C kuma da ƙyar yake barin inda aka ajiye shi. Dalili kuwa, a jerin sinadaran da suka gina himogulobin, a gurbi na shida na sarƙar da ake kira beta, mai S an musanya masa sinadari ɗaya da wani, mai C ma a wannan gurbin aka musanya masa da wani dabam, wannan ɗan canji shi ke rage yadda lantarki ke jan su. Ta ce hanyar ta girmi yawancin ma'aikatan ɗakin, domin tun 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himogulobin na masu sikila ba ya tafiya daidai da na sauran mutane in an sa masa lantarki.

Sai ta ɗora bakin biro a kan fallen. Layi na farko na jinin shaida ne, wanda aka riga aka san abin da ke cikinsa, da shi ake auna sauran. Nawa yana da ja biyu, ɗaya a wurin A, ɗaya a wurin S. Na maigida shi ma biyu, ɗaya a wurin A, ɗaya can baya a wurin C. Na yaron yana tsakiyarmu. Babu komai a wurin A. Jansa na farko ya yi daidai da nawa na S, na biyun ya yi daidai da na ubansa na C, ko karkata babu. Gani ya kori ji. Maigida ya dafa tebur, ya ce innalillahi, ya juya ya ɗauki yaron ya rungume, hawaye na zuba a gaban mutane. Ni ban yi kuka a wurin ba, sai da na je gidanmu na faɗa jikin Inna.

Matar nan ba ta tsaya nan ba. Ta ce shi ma gwajin lantarki yana da iyakarsa. Akwai wasu nau'o'in himogulobin, irin su E, da ke tsayawa wuri ɗaya da C, akwai kuma D da G da ke tsayawa wuri ɗaya da S. Ga matsalar wuta in ta ɗauke ana tsakar aiki, ga ruwan gwaji in ya tsufa, layukan sai su cakuɗe, mai gaggawa ya karanta abin da ya ga dama. Ta ba da shawara a tura jinin inda ke da na'urar HPLC, wadda ke tura jinin ta cikin wani siririn bututu, kowane nau'i ya fito a lokacinsa, ta kuma faɗi yawan kowanne cikin ɗari. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma maigida ya ce ko nawa ne a yi. Takardun suka dawo da zane mai tudu-tudu da lambobi a gefe. Nawa S bai kai rabi ba, nasa C bai kai rabi ba, na yaron S da C kusan rabi da rabi.

Da aka kai wa Hajiya bayani, har da cewa C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, a Najeriya kuma an fi samunsa a ƙasar Yarabawa, sai ta yi shiru, can ta ce ai kakan maigida bafatake ne, fataucin goro yake zuwa Gwanja, can arewacin Gana, a Salaga ya auro kakarsu, daga baya zuriyarsu ta hawo Jos zamanin haƙar kuza. Ko daga wajen wannan baiwar Allah C ɗin ya biyo, ko daga wani wuri, Allah ne masani, domin akwai Hausawan da ba su da kowa a Gwanja kuma suna ɗauke da shi. Amma labarin ya sauƙaƙa wa dangi karɓar abin. Hajiya da kanta ta zo gidana da sassafe, ta zauna a bakin gado, ta ɗora ƙafar jikanta a cinyarta tana shafawa, ta ce: "'Yar nan, ki yafe mana." Na yafe har zuciyata. Gwaggo ba ta taɓa tayar da zancen ba har yau, muna gaisawa lafiya lau.

Tun daga nan muka zama 'yan gida a asibitin koyarwa da ke Lamingo, ranar ganin likitan masu sikila. A kan bencin jira na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Na haɗu da matar da aka ce wa ɗanta SS, daga baya wani wuri ya ce AS ne, ta yi murna ta daina ba shi magani, ashe ba a daɗe da yi masa ƙarin jini ba, A ɗin da aka gani na wanda ya ba da jinin ne. Jajayen ƙwayoyin jini na mai lafiya suna kai kwana 120 a jiki, shi ya sa ake cewa a jira kamar wata uku bayan ƙarin jini kafin a gwada. Na haɗu da wadda aka yi wa jaririnta gwajin kwalba yana ɗan wata biyu aka ce lafiyarsa ƙalau, alhali jinin jariri cike yake da himogulobin F, S ɗin bai yi yawan da kwalba za ta gane shi ba sai ya kai wajen wata shida. Akwai kuma wadda labarinta ya yi kama da nawa ƙwarai, har ya fi nawa wuyar warwarewa, domin mijinta ko a gwajin lantarki AA yake fitowa. Sai da HPLC ta nuna wani ɗan ƙaramin nau'i da ake kira A2 ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, aka gane yana ɗauke da wata matsalar himogulobin ta gado da ake kira talasimiya ta beta, wadda in ta haɗu da S a jikin yaro ita ma sikila take bayarwa. Ita kam sai da ta yi zaman gidansu kafin gaskiya ta fito. Duk lokacin da na tuna ta sai na ce, mata nawa ne aka saka a kan irin wannan takarda, ba su sami mai ce musu a sake gwaji ba?

Yarona yanzu yana makaranta, yana buga ƙwallo daidai ƙarfinsa. Muna ba shi folik asid da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, gorar ruwa ba ta rabuwa da jakarsa, in hunturu ya kama kuwa safa da hula da rigar sanyi ba a sasantawa. Likita ya gargaɗe mu kada sauƙin SC ya ruɗe mu, domin ya fi son taɓa bayan ido da ƙashin ƙugu, don haka daga shekara goma ake fara duba masa ido a kai a kai.

Maganar ƙarin haihuwa ta ba mu wuya. An zauna da mu an yi mana lissafi: tsakanin AS da AC, kowane ciki yana iya zuwa AA ko AS ko AC ko SC, kowanne kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma kowane ciki da nasa lissafin, ba wai in an sami SC ɗaya uku masu zuwa sun tsira ba. Muka yi shawara, muka yi istihara, Allah ya ba mu 'ya mace. Wannan karon ba mu jira ciwo ya sanar da mu ba. Tun kafin a gama wankan jego aka soki diddigenta, aka ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman, aka tura. Sakamako ya zo da haruffa uku, FAC, wato F na jarirai, da A, da C. Ta biyo babanta, ba ta da ciwon.

Ƙanwata da ke aure a Gwagwalada ta ba ni labarin cewa a can an taɓa gwada jarirai a wurin allurar rigakafi da wani ɗan tsinken gwaji mai suna HemoTypeSC, wanda ke gane A da S da C cikin mintuna, ba ya buƙatar lantarki, F ɗin jarirai ma ba ya ruɗa shi. Aikin cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja ne, ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu. Da na ji haka sai na ce ina ma a ce kowace ƙaramar asibitin unguwa a Filato tana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Da yawansu suna rasuwa suna ƙanana, ana cewa zazzaɓi ne ko shawara, ba a taɓa ɗigar jininsu an duba ba.

Na ji daɗi da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma a nan Jos ma limamai da yawa sun fara tambayar takarda kafin su ɗaura. Amma ina da fargaba, kuma ina faɗar ta duk inda aka ba ni dama, a Islamiyyarmu ko a taron biki. In an tilasta takarda ba a sa ido kan masu rubuta ta ba, irin tamu za a yi ta bugawa da hatimi. Akwai hukumar da ke yi wa ɗakunan gwaji da ma'aikatansu rajista a ƙasar nan, ya kamata a ji motsinta har cikin lungu. Mu ma masu zuwa gwajin muna da haƙƙin tambaya. Ni yanzu duk 'yar da ta kawo mini takarda, ba haruffan nake fara dubawa ba. Ina tambayarta da wace hanya aka yi, ta lantarki ce ko HPLC ko ta kwalba, ko an yi mata ƙarin jini kwanan nan, kuma ko ta maimaita a wani wuri dabam. In amsar ba ta gamsar da ni ba, sai na ce ta koma, ko da an riga an kawo lefe.

A gidan su maigida kuwa Hajiya ce ta karɓi ragamar abin. Ta tara 'ya'yanta ta ce kowa ya je a sake gwada shi, da masu aure da marasa aure. Biyu daga cikinsu sun fito AC, ɗaya har ta riga ta haifi 'ya'ya, aka bi su aka gwada su ma. Saura autansu da ke tuƙin mota tsakanin Jos da Abuja, kullum sai ya ce sai ya dawo daga wannan lodin. An sa masa rana bayan babbar salla, yarinyar kuma AS ce. Hajiya ta ce ba za a kai goro ba sai ta ga sakamakonsa, ni kuma na karɓar masa takardar zuwa ɗakin gwaji, ranar Litinin yayansa zai kai shi da kansa.